Yadda na saƙa mayafin wuya a zagaye da keken saƙa

Duk wanda ya taɓa yin doguwar saƙa mai falle ɗaya a keke ya san halinta. Da zarar ta sauko daga kan allurai sai gefunanta su fara nannaɗewa. Ba laifin keke ba ne, ba kuma na zare ba. Fuskar saƙar da bayanta ba ƙira ɗaya ba ce, kowane ido, wato ɗan madaukin zare ɗaya da allura ke yi, yana ɗan lanƙwasa zuwa gefe guda, to idan dubban idanu suka taru suna ja wuri ɗaya, dama da hagu sai su naɗe zuwa baya, sama da ƙasa kuma su naɗo gaba. A jikin suwaita wannan ba abin damuwa ba ne, tunda ɗinki zai riƙe gefunan. Mayafin wuya kuwa ba shi da mai riƙe shi. Ka saƙa mai faɗin taƙi guda, ka rataya a wuya, kafin yamma ya koma igiya.

Shi ya sa da na tashi yin wannan mayafi na ce a zagaye zan saƙa shi, ya fito bututu mai falle biyu, ba ɗinki ko ɗaya a tsawonsa. A bututu babu gefen da zai naɗe, domin fallen gaba yana ja nan, na baya yana ja can, ƙarfinsu ya kashe juna. Ga shi ta duk inda aka juya fuskar saƙa ake gani, bayanta yana ɓoye a ciki. Kuma falle biyu da iska a tsakaninsu sun fi falle ɗaya mai kauri riƙe ɗumi.

Akwai ƙananan kekunan roba masu da'ira da ake juyawa da hannu, irin Addi mai allurai 46 da Sentro mai 48. Su bututu ne aikinsu tun asali, kuma suna da sauri ƙwarai. Sai dai yawan allurai ne ke yanke maka faɗi, kuma zare mai kauri suke so. Ni siririyar saƙa nake nema mai laushi, kuma ina so in zaɓi faɗina da kaina. Don haka na koma kan keken ƙarfe na shimfiɗe, irin na Japan ɗin nan da kamfanonin Brother da Silver Reed suka yi, mai allurai 200 a jere, tsakanin kowace allura da 'yar'uwarta milimita 4.5. Na ɗaura masa ƙarin jeren allurai na gaba, wanda aka fi sani da saƙar bakin hannu da ƙugun suwaita. Idan aka ɗaura shi, jeren biyu suna fuskantar juna a karkace, da ɗan siririn rata a tsakaninsu inda saƙa ke sauka ƙasa. Wannan tsari tsoho ne. Wani Ba'amurke mai suna Isaac Lamb ne ya fito da keke mai jere biyu a shekarun 1860, kuma tun a lokacin ana saƙa safa a zagaye da shi.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kan keke, wato abin da ake turawa dama da hagu ya bi ta kan allurai, biyu ne a haɗe, ɗaya na jeren baya ɗaya na gaba. Sai a saita su yadda idan an tura hagu jere ɗaya ne kaɗai zai saƙa, ɗayan ya ƙyale zare ya wuce, idan an dawo dama kuma su yi musanye. A nawa keken na danna maɓallin hagu da aka rubuta wa PART a kan na baya, na ɗaga ɗan hannun dama na kan gaba zuwa PR. Zare ya tafi ta gaba, ya tsallaka rata, ya dawo ta baya, ya sake tsallakawa. Zuwa da dawowa, zagaye ɗaya ke nan.

Kafin in taɓa zare sai da na duba keken kansa. Na zaro sandar soson da ke danne alluran jeren baya na gani ko har yanzu soson yana da tudu, domin idan ya lafe allurai sai su riƙa rawa, ido yana zubewa ba gaira ba dalili. Na bi alluran da zan yi aiki da su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Kowace allura tana da ƙugiya a baki da wani ɗan harshe da ke buɗewa da rufewa, kuma a kan wannan ɗan harshen aikin duka ya rataya: tsohon ido ya zame baya ya buɗe shi, ƙugiya ta kama sabon zare, tsohon idon ya dawo ya rufe shi ya haye ta kansa ya faɗa. Na goge ƙura, na ɗiga ɗan mai a tsumma na shafa wa dugadugan allurai da hanyar da kan keke ke bi. Sannan na tabbatar jeren biyu sun daidaita, ratar da ke tsakaninsu a ƙarshen dama daidai take da ta ƙarshen hagu.

Zaren da na zaɓa siririn ulun tumaki ne, irin wanda giram 100 ɗinsa ke kai kimanin mita 400, shuɗi mai duhu da kuma ruwan toka na ratsi. Na tanadi giram 300, domin bututu yana cin zare ninki biyu na falle ɗaya, kuma ba na son zare ya yanke mini a tsakiyar aiki.

A wurin gwaji na fi daɗewa, kuma a nan nake ganin mayafin yake kyau ko ya lalace. Kowane kan keke yana da majuyin lamba da ke sa ido ya yi girma ko ya tsuke. Mutum zai zaci idan ya sa 7 a baya ya sa 7 a gaba shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Jeren biyu ba ƙira ɗaya gare su ba, kusurwar da suke zaune ma daban ce, don haka lamba ɗaya ba ta ba da ido ɗaya. Idan fallen gaba ya fi na baya tsukewa, zai fi shi gajarta, kuma bambancin da ba a gani a santimita goma zai taru a santimita 180 ya sa mayafin ya riƙa lanƙwasa gefe guda, komai gugar da aka yi masa. Na kafa gwaji a kan allurai 40 a kowane jere, na bar na baya a 7, na riƙa ƙara na gaba kaɗan-kaɗan, ina raba kowane mataki da zagaye ɗaya na zare mai wani launi don in gane inda na canza. Da na sauke shi na ja shi a tsaye don idanu su zauna, na wanke, na shimfiɗa ya bushe. Sai na ɗora tef a gaba, na juya na ɗora a baya. Matakin da falle biyun suka zo daidai shi ne inda na gaba ya ɗara na baya da kusan lamba guda. Wannan na kekena ne da wannan zaren. Na wani zai iya bambanta, shi ya sa ba a aron lambar wani a tsallake gwaji.

Gwajin ya ba ni ido 28 da layi 40 a kowace santimita 10. Ina son faɗin santimita 20, wato allurai 56 a baya da 56 a gaba. Tsawo kuma santimita 180, wato zagaye 720. To maƙirgin layi na keke duk wucewar kan keke yake ƙirgawa, bai san zagaye ba, don haka abin da zan jira ya nuna 1440 ne. Shi kuma gurbin lamba uku gare shi, daga 999 sai ya koma 000. Na rubuta a takarda na manna a gefen tebur: idan ya juyo, saura 440.

Ban kafa saƙar da zaren mayafin ba. Na fara da ragowar wani zare mai haske da ba na bukata, domin ina so bakin farko da na ƙarshe su fito iri ɗaya sak, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an bar idanun farko a buɗe an rufe su daga baya. Na turo allurai 56 a kowane jere, na sa hannun saitin jere a kan H, inda kowace allurar gaba ke fitowa a tsakanin biyu na baya. Na tsuke lambobi biyun, na tura kan keke sau ɗaya dukkan jeren suna saƙa. Zare ya yi ta hawa da sauka tsakanin gaba da baya. Na turo kum ɗin ƙarfe, wato dogon matajin da ke riƙe farkon saƙa, daga ƙasa ta cikin rata har haƙoransa suka leƙo tsakanin zaren, na zura siririyar wayarsa ta cikin hujin haƙoran, na sake shi ya rataya, na saƙala masa manyan ƙarafan nauyi biyu, ɗaya a kowane ɓangare, nesa ɗaya daga tsakiya. Daga nan na saita zagaye, na mayar da hannun saiti kan P, inda allurai ke kallon juna baki da baki. Wannan wurin yana son natsuwa. A kan P, idan aka manta aka bar jeren biyu suna saƙa lokaci guda, allurai za su fito su yi karo, kuma ƙarar da za ka ji ta karyewa ce. Ina duba maɓallan nan biyu duk lokacin da na zauna gaban keken, ko da tashi na yi na sha ruwa na dawo.

Na yi 'yan zagaye da zaren banza, sannan zagaye ɗaya da igiyar nailan mai santsi wadda za a zare daga baya, sannan na sa shuɗin, na mayar da maƙirgi 000, kan keke yana dama.

A gefuna biyu ne gizo ke saƙar. Duk inda zare ya tsallaka daga jere zuwa jere, tazarar ta ɗan fi wadda ke tsakanin allurai biyu na jere ɗaya, sai a sami wani siririn layi yana bin tsawon bututun. Ba a raba shi da wannan layi gaba ɗaya, amma ana iya hana shi zama tsani. Abin da ya fi taimaka mini shi ne sandar zare da ke bayan keke. Tana da majuyin da ke matse zare da wata doguwar waya mai lanƙwasa da ke janye rarar zare idan kan keke ya juyo. Idan majuyin ya yi sako-sako, wayar sai ta miƙe tsaye ta daina aiki, rarar zaren ta taru a allurar farko ta zama madauki. Na matse shi har wayar ta riƙa sunkuyowa tana ɗagowa da kowace turawa. Na kuma koya wa hannuna inda zai tsaya: da kan keke ya wuce allurar ƙarshe na ji ɗan ƙas ɗin nan, sai in juyo. Wuce gona da iri yana jawo zaren da wayar ba za ta iya kwashewa ba, juyowa kafin a gama wucewa kuma yana sa kan keke ya cije. Sannan na rataya ƙananan nauyi masu ƙugiya a gefunan biyu, domin idanun bakin gefe su ne suka fi saurin ƙin sauka daga allura, ina matsar da su sama duk bayan zagaye 15 ko 20.

Abin da ya bambanta wannan aiki da saƙar falle ɗaya shi ne ba ka ganin abin da kake yi. Saƙar tana nutsewa cikin rata, jeren gaba ya rufe ta. Ido ba ya aiki, sai kunne da hannu. Bayan ɗan lokaci na san muryar kowace turawa: ta baya tana da ɗan kauri, ta gaba ta fi siranta, kuma idan ɗaya ta canza ko kan keke ya yi mini nauyi a hannu, sai in tsaya. Lokaci-lokaci nakan zura hannu ƙarƙashi in shafa falle biyun daga wannan gefe zuwa wancan, ina neman rami ko ƙulli.

Ta haka na gano wani ido da ya zube a fallen gaba, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon. Yatsana ya faɗa wani ɗan gurbi, da na leƙa da fitila sai ga tsani ya sauka layi biyar ko shida. Gashin ulu ne ya taru a gindin harshen wata allura ya hana shi rufewa sosai. Na fara cire manyan nauyin don kada tsanin ya ci gaba da gudu, na sauke jeren gaba mataki ɗaya rata ta buɗe, na kamo idon da allurar gyara mai harshe, na riƙa hawa da shi matakala bayan matakala, ina kama kowane zaren kwance ina ja ta cikin na ƙasa da shi, har na kai shi bakin allurarsa. Na tsince gashin da tsinken allura, na motsa harshen ya koma yana faɗuwa da kansa, na ɗaga jeren ya koma mazauninsa, na mayar da nauyi. Bayan wanki ko ni ban iya nuna wurin ba.

Ratsin toka na sa su kusa da bakunan biyu, uku a kowane ɓangare, kowane ratsi zagaye 10, wato 20 a maƙirgi. Kullum a dama nake canza launi, bayan zagaye ya cika, in ba haka ba ratsin gaba zai fi na baya da layi ɗaya. Nakan yanke zare in bar jela mai tsawon yatsa biyu, in ɗaure tsohon da sabon sako-sako a gefe. A nan bututu ya nuna wani alherinsa: daga baya na gyara ɗaurin, na zura jelar a allurar ɗinki na tura ta cikin mayafin, ta ɓace. Babu zaman bin bayan saƙa ana ɓoye zare ɗaya-ɗaya. Tunda saƙar zagaye hawa take yi tana murɗawa, akwai ɗan tsalle na layi ɗaya a inda launi ya canza, amma ya faɗo daidai kan lanƙwasar gefe, ba mai lura.

Da saƙar ta yi tsawo, kum ya kusa taɓa ƙasa. Wannan ma abin sa ido ne, domin da zarar nauyi ya zauna a ƙasa ya daina ja, idanu su fara taruwa a kan allurai. Na cire nauyin, na naɗe saƙar a jikin kum ɗin, na ɗauko doguwar allurar saƙar hannu na soka ta a kwance tana shiga tana fita ta ratsa falle biyun kusa da ƙarƙashin keke, na rataya nauyin a jikinta. Haka na riƙa yi duk lokacin da ta sake sauka. Idan zan tashi na daɗe, nakan sauke manyan nauyin, don kada layin da ke kan allurai ya miƙe ya bar alama.

Tsakiyar aikin ba ta da labari. Turawa ce da dawowa, a hankali kuma da gudu ɗaya, domin canza sauri yana canza girman ido. Maƙirgi ya juyo 000, na ci gaba, na sa ratsin ƙarshe a daidai nisan da na sa na farko daga baki.

Da ya nuna 440 na tsaya. Da allura mai huji a kai biyu na kwashe idanun jeren gaba ɗaya-ɗaya na ɗora kowanne a kan allurar baya da ke kallonsa, kowace allura ta ɗauki ido biyu. Na sauke jeren gaba gaba ɗaya, na mayar wa kan keke farantinsa na saƙar falle ɗaya, na saki maɓallin PART, na buɗe lamba har 10, na saƙa layi ɗaya mai manyan idanu wanda ya haɗe falle biyun. Sai na bi su da allurar gyara ina zura kowane ido cikin na kusa da shi har ƙarshe, na ja jelar zare ta cikin na ƙarshen. Layin nan dole ya zama sako-sako. Idan ya tsuke, bakin mayafin zai tattare ya fi jikinsa ƙanƙanta.

Na juyo bakin farko. Zaren banza mai haske ya sa idanun shuɗin farko suka fito fili, kowanne a zaune a kan igiyar nailan. Na rataya na falle ɗaya a kan allurai 56, na ɗora na ɗayan fallen a kansu, ina kula gefen dama ya faɗo a allurar farko na hagu a ta ƙarshe, don kada bututun ya murɗe. Na ƙirga na tabbatar kowace allura tana da biyu, sannan na ja igiyar nailan ta zame, zaren banza ya faɗi da kansa. Layi ɗaya a lamba 10, na rufe kamar wancan. Da na haɗa bakunan biyu a hannu ba a bambanta na farko da na ƙarshe.

Mayafin da ya sauko daga keke ba shi ne mayafin ba tukuna. Allurai sun buɗe shi a faɗi, nauyi ya ja shi, ga ɗan maiƙon da ke jikin zare. Na kama shi taƙi-taƙi ina ja a tsaye har idanu suka koma siffarsu, na bar shi ya kwana ya huta. Na wanke shi a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ina dannawa kawai, ba cuɗa ba murza, domin ulun tumaki idan ya haɗu da zafi da cuɗa gashinsa yana sarƙewa ya dunƙule, kuma ba ya dawowa. Na naɗe shi a tawul na matse ruwan, na shimfiɗa shi a kwance, na bi tsawonsa ina daidaita layukan gefen nan biyu su hau kan lanƙwasa daidai. Ba a rataya shi a igiya yana jiƙe, nauyin ruwa zai ja shi ya sirance. Da ya bushe na bi shi da tururi, dutsen guga yana sama bai taɓa shi ba. Wanda ya yi nasa da zaren akirilik ya ƙara kiyayewa a nan, domin zafin dutse yana kashe masa tsalle ya bar shi lakwas har abada.

Geza ce ta rage. Na naɗa ragowar zaren a jikin wani kwali mai faɗin santimita 12, na yanke gefe ɗaya, na sami zarurruka masu tsawo ɗaya. Ina ɗaukar shida, huɗu shuɗi biyu toka, in ninka biyu, in ja lanƙwasar da kwarashi ta cikin layin rufewa, in zura jelar a ciki in ja ya ɗaure. Na sa ɗaya a kowane ido na huɗu, na fara da kusurwoyi biyu sannan na cike tsakiya don tazarar ta zo daidai. Na kwantar da gezar a tebur na taje ta, na danne da rula na datse bakin da almakashi. Da na ɗora tef, faɗin ya tsaya a santimita 20, tsawon kuma ban da geza ya rage kaɗan ya cika 180, kuma da na ninka shi biyu fallen gaba da na baya suka kwanta a kan juna ba wanda ya ja ɗan'uwansa.